Kakan Zabo

Tanimu ya dawo daga jami'a
da hoton ƙwarangwal a wayarsa,
ya tarar da Baba Ɗanjuma a 'Yan Kaji
yana figar zabo.

"Baba, dubi wannan. Dutse ya haɗiye shi
tun Dala ba ta tsaya da ƙafarta ba."
Baba ya goge hannu, ya ƙura ido.
In ka cire wutsiya, bai kai akuya ba.
Haƙora ƙanana, bakinsu kamar zarto,
farata uku, kowanne lauje.

"Ƙadangare ne," in ji mai shayi.
Baba ya girgiza kai.
"Ƙadangare jan ciki yake yi.
Wannan a tsaye yake. Dubi ƙugun.
Dubi ƙashin ƙirjin nan mai reshe biyu,
kullum sai na karya irinsa ɗari.
Ƙashin ƙafar ma, na rantse, kogo ne."

Tanimu ya yi shiru. Malaminsu
wata uku ya yi kafin ya kawo su nan.

Baba ya ɗaga zabon ta ƙafa:
"Ashe kakanka mafarauci ne,
kai kuma ka ƙare a tukunya."
Ya miƙa wa mai saye.