Madannai Uku

Shekara goma sha tara ina kai masa shinkafa da romon kifi.
Ni gandiroba ne a Sapporo, hawa na uku, ɗakin ƙarshe.
Sunansa Kuwabara Shigeto.
A takarda lamba ce kawai, a bakina kuwa "tsoho",
ko da yake na girme shi da wata shida.

Ɗan masunci ne daga can ƙuryar arewa,
inda bakin teku ke daskarewa kamar kitse a gefen tukunya.
Uban ya fita da jirgi wata asuba,
hula kaɗai ruwa ya maido.
Yana ɗan sha huɗu ya gaji raga, ya gaji bashi,
ya gaji tarin da ke tayar da uwarsa tsakar dare.
Gishiri ya tsattsage masa tafin hannu,
tsaguwar ba ta haɗe ba har a ɗakinmu.

Ba zan wanke shi ba. Teku ma ba ta iya ba.
Daren da ƙanƙara ta toshe hanya
ya shiga gidan Tsuruoka, mai jirgin da ke binsa kuɗi,
riƙe da ƙugiyar jan manyan kifaye.
Dattijon na lissafi a gaban murhu.
Matarsa Fumie ta ji motsin baƙo,
ta fito da butar shayi.

Butar nan ce ta hana shi barci.
Ya ce mini ta faɗi ba ta fashe ba,
ta yi ta juyi a kan tabarma tana tsiyaya,
shi kuwa yana tsaye yana jiran ta tsaya.
Abin da ya ɗauka bai kai kuɗin gyaran inji ba.
'Yarsu na karatu a birni.
Ita ta buɗe ƙofar ranar Asabar.

A nan ba a gaya wa mutum ranarsa.
Kullum safiya sai ya kasa kunne ga takalmanmu,
in ya ji mutum ɗaya ne, ya sauke numfashi, ya naɗe shimfiɗa.
Haka ya yi ta mutuwa kafin ƙarfe tara,
ya farfaɗo da hantsi ya zauna ninke takarda,
jirage ƙanana, ba su fi ɗan yatsa ba.
Duk wata yana rubuta wa yarinyar wasiƙa.
Duk wata tana dawowa a liƙe.
Ni ban ga laifinta ba.

Rana ba ta ƙarya.
Wata Talata muka hau mu shida,
tun daga matakala ya ƙirga mu.
Mun tarar ya jera silifansa, ya fuskanci ƙofa.
An miƙa masa alewa, ya karɓa, bai ci ba.
Malamin addinin Buda ya kunna turare yana karatu ƙasa-ƙasa.
Ya waiwayo ya ce, "Iskar yau daga arewa take?"
Na ce eh, alhali ban sani ba.
Ya ce, "To, ba ranar fita ba ce."
Gwiwarsa na rawa. Tawa ma.

Bayan bango madannai uku ne, mu ma mu uku.
Ɗaya kaɗai ke buɗe ƙasa,
ba a faɗin wanne,
don kowa ya koma gida da guzurin "wataƙila ba ni ba ne".
Aka ɗaga hannu. Muka danna.
Ƙarar ba ta da yawa,
kamar an rufe murfin babban akwati a wani ɗaki.

Aka ba mu ambulan, aka ce mu huta da yamma.
Na bi ta gada, na tsaya, na laluba aljihu,
na ji jirgi ɗaya da ya ba ni bara.
Na so in sake shi a kogi.
Sai na tuna yarinyar nan, yanzu ta yi furfura,
ba wanda ya ninke mata komai da zai iya ɗaukar nata kayan.
Na mayar da shi.

A gida matata ba ta tambaye ni ba.
Ta taso daga kicin da butar shayi.
Na ce, "Riƙe ta da hannu biyu."