Farin Takarda

Kawu Jatau ba ya taɓa sabon littafi
sai ya kai shi hanci.
Ran kasuwar Ringim na sayo wa Tabawa guda biyu,
masu layi, na shiga aji uku.
Ya karɓa, ya buɗe tsakiya, ya shaƙa,
tari ya turnuƙe shi har sai da ya dafa turmi.

Ya ce: kin ga farin nan? Ba da shi aka haife shi ba.
Itace ba ya zuwa duniya fari.
Shekara sha ɗaya na yi a kamfanin takarda, can kudu,
ina ganin gungume ya shiga inji
ya fito gutsi-gutsi,
a dafa shi da soda a tukunyar da ta fi rumbunmu tsawo,
ya narke, ya yi ja-ja kamar kunun kanwa,
yana warin ƙwan da kaza ta gudu ta bari.

Daga nan nawa aikin yake farawa.
Ni ke murɗa famfon kulorin.
Iska ce mai ruwan ɗorawa, ba ta sallama,
ta bi ta ƙarƙashin ƙyallen da muka ɗaure hanci
ta zauna a ƙirji, zaman mai bin bashi.
A zuba, a wanke, a sake zubawa,
sau huɗu, wata rana biyar,
har sai itacen ya manta dajin da ya fito.

Na ce: to jan da kuka cire, ina yake zuwa?

Ya daɗe yana kallon akuya tana tuƙa.
Ya ce: akwai rafi a bayan katanga.
Kumfa ke tafiya a kansa, kamar gari guda ya yi wanki.
Ban cika shekara biyu ba masunta suka daina zuwa.

Uban Kawu marini ne,
karofinsa na nan bayan masallaci, ƙasa ta cike shi.
Ya ce: shi a kawo masa fari ya mai da baƙi,
da shuni a farce aka kai shi kushewa,
kowa ya ga hannunsa ya san abincinsa.
Ni ja na mayar fari, hannuna tas.
Tawa shaidar a ciki take,
sai dare ya raba ake jin ta.

Tabawa ta kwanta rub-da-ciki a tabarma,
ta ciji murfin biro,
ta rubuta sunanta, ya karkace, ya tsallake layi.

Ya ce: cika shi, yarinya.
Kada in ga an yagi shafi an ƙunshe gyaɗa.
An biya kuɗinsa tun kafin uwarki ta biya.

Biron ya yi yoyo, ya ɓata mata yatsu uku.
Ta ɗaga hannu za ta yi kuka.
Kawu ya kama hannun, ya juya shi a hasken yamma,
ya yi dariya, tarin ya biyo baya.
Ya ce: bar shi, kada ki wanke tukuna.