Ƙas Bakwai

Babana ya ce mota ba ta barci.
Ko ka zare makulli, kunnenta na ƙasa,
tana jin inda hanya ta sunkuya.
Shekara talatin yana sauke rumman da inabi
daga Ɗa'ifa zuwa kasuwar Jidda,
kwana bisa kwana, girgije a ƙarƙashin taya,
abokiyar gabarsa ɗaya ce: gangara.

Birkin a-kori-kurarsa na gefen sitiyari,
mariƙi kamar na laima.
Ya fizgo shi, ya sa giya ɗaya,
sannan ya fita neman dutsen waigi.
Direbobi na dariya: “Ɗanjuma, har uku?”
Ya ce in biyu sun ci amana, akwai saura.

Shekarar da aka ba mata sitiyari
ya kai ni hawan Shafa bayan la'asar
cikin wata ƙaramar mota mai sanda tsakanin kujeru.
“Barira, ja.”
Ƙas, ƙas, yana ƙirgawa da ido rufe.
“Bakwai. In ta kai goma, waya ta miƙe.
Yanzu ɗaga kuloci har hancinta ya taso,
ki ji tana roƙo, ta matsu,
sannan ki sake ta, ba kafin nan ba.”
Birai sun jeru a kan katanga, ba ko kunya,
suna kallon mota na mutuwa a hannuna
sau tara.

Ta Kawu Tanimu kuwa, jibgegiyar nan ta Amurka,
birkin hannu ne amma da ƙafa ake taka shi.
Baba ya ce ba komai,
ya san wani Dogo da bai kai masa kafaɗa ba.

Ashiru ne ya zo da fitina.
Ƙanena, mai hular kwano,
ya kafa wata doguwar sanda kusa da sitiyari,
ba waya, ba haƙori, man birki ke binta,
ba ta ƙas, ba ta riƙo, kana saki ta koma.
A filin tsere, can bayan gari,
ya nufi kwana kamar bai gan ta ba,
ya fizga,
tayoyin baya suka ƙame,
gindin mota ya zame ya riga kai,
ta shiga a karkace, tana kallon inda za ta fita,
warin roba, hayaƙi, ƙura.

Sau ɗaya Baba ya je.
Ya ce, “Abin da nake ɗauri da shi
da shi kake kwancewa.”
Ashiru ya ce, “Ni ma riƙo nake, Baba,
na ƙiftawar ido.”
Bai tanka ba.
Amma a hanyar gida na lura da hannunsa na dama:
duk kwanar da muka zo
sai ya ɗan fizgi iska
ya waiga ko na gani, ya gyara.

Tawa ta yanzu maɓalli ne.
Yatsa ɗaya, ɗan gurnani daga baya, jar fitila.
Ya ce, “Wa ya riƙe ta?”
Na ce, ita ta riƙe kanta.
Ya ce haka ake cewa da kowa
kafin a ji ƙara.

Bana ƙafafunsa sun ajiye aiki.
Da yamma nakan tura kekensa
zuwa bakin dutsen Hada,
inda fitilun motoci ke malala ƙasa kamar zaren carbi.
In danna ƙarfen dama, in danna na hagu,
biyu kacal, ba ƙas bakwai.
Ya ɗora tafinsa a kan taya, ya gwada.
Ya dube ni.
Na san kallon.
Sai in tafi neman dutse,
shi kuma, fuskarsa ga kwari,
yana jira.