Kwaɗo na Biyu

Shekara tara ina shiga manhajar ofishinmu na Apapa
da sunan Inna da shekarar da ta rasu.
Yau Folarin na sashen kwamfuta ya ce
kalmar sirri ɗaya ƙofar kara ce.
Ya sa na haska wayata kan wani zane
mai kama da sawun kaji a rairayi.

Yanzu lambobi shida ke zuwa,
rayuwarsu daƙiƙa talatin.
Kafin in lalubo tabarau sun mutu,
an haifi wasu.

Da yamma cikin danfo, a cunkoson Oshodi,
na damƙe wayar a ƙirji.
Sunan Inna bai ishe ni shaida ba kuma.
In wannan ta ɓace,
wa zai yarda ni ce Barira?