Baƙar Taga

A Bytom, hawa na huɗu, ɗakin da Radomir ya bari,
bututun ɗumama ɗaki na tari kamar tsoho.
Tarago ya wuce ƙasa, gilashi ya yi rawa.
Wata biyu ban taɓa kwamfutar ƙanena ba.
Yau na kunna.

Wasan ya buɗe inda ya tsaya:
gari ne da bam ya lashe, sama ruwan toka,
motoci a kife kamar matattun kyankyasai,
ga mutumin da ya ƙera da hannunsa,
ya ba shi hancinsa, ya ƙara masa gemun da shi bai taɓa samu ba,
yana tsaye bakin gada
da harsashi uku da gwangwanin wake ɗaya.
Awa ɗari huɗu da sha biyu, in ji lissafi.
Ashe nan yake zuwa in ya rufe mana ƙofa.

Ban iya ba.
Wasu ɓeraye masu girman maraƙi suka yayyaga ni
kafin in gano maɓallin gudu.
Sau bakwai ina mutuwa da fuskarsa.

Ƙarƙashin allon maɓallai na tsinci takarda,
rasidin kantin magani, a bayanta rubutunsa,
wannan tafiyar kazar da malamai suka gaji da ita.
Jerin umarni ne. A sama ya ja layi biyu:
*Na ragwaye. Kar ka soma.*

Ni raguwa ce. Na soma.

Na danna ɗan maɓallin kusurwa mai zanen tsutsa,
duniya ta tsaya cak.
Hankaka ya daskare a iska, hayaƙi ya ƙi tashi.
Baƙar taga ta sauko,
wani ɗan layi na ƙyafta mini ido: faɗi, a yi.

Na farko, harsashi ya daina ƙarewa.
Na biyu, wuƙa da wuta da guba suka zama ƙaiƙayi.
Na uku, bango ya bar zama bango,
na ratsa shi kamar labule,
na nutse ƙarƙashin ƙasa, na ɗaga kai:
gidajen nan ba su da baya,
dutsen nan ƙoƙo ne a kife,
tekun ma shimfiɗa ce, ƙasanta babu komai.

Na kashe duk mai motsi tsakanin gada da tashar mai.
Minti ashirin, na yi hamma.
Miya ce ba gishiri, tunda ba abin da zai ci ni.

Da na dawo bakin gada sai na ga karen.
Yana kwance gefen tayar mota, da jan ƙyalle a wuya,
sunansa a kansa: Guzik,
sunan namu, wanda mota ta take muna yara.
Umarnin ƙarshe a takardar, na tada matacce ne.
Yana da shi a hannu. Bai yi ba.

Na nuna karen, na rubuta.
Ya miƙe, ya kakkaɓe jiki,
ya zo yana shinshina takalmin mai hancin ƙanena,
wutsiya kamar za ta cire.

Tagar na nan a buɗe. Layin na ƙyaftawa.
Na rubuta kalmar, na bar fili, na sa: Radomir.
*Ba a gane umarnin ba.*
Na sa da manyan baƙaƙe.
Na ƙara sunan gidanmu, har da ranar haihuwa.
*Ba a gane umarnin ba.*

Daga kicin Mama ta kira: Dobrawa, miya na hucewa!
Na ji ta ajiye faranti, ɗaya, biyu,
sai shiru,
sai ƙarar kabad.

Wasan ya tambaye ni ko a adana.
Na daɗe ina kallon karen yana haki.
Na ce a'a.
Harsashi uku nasa ne, da waken, da gadar.

A waje dusar ƙanƙara na sauka kan tsohon ramin kwal.
Na mayar da takardar inda na same ta,
fuskarta ƙasa, farashin magani a sama.