Abin da Baba Evaristo Ya Nema

A Barranquilla, daren Talata,
fanka na juyawa kamar an tilasta mata,
kogin Magdalena na can yana tura laka cikin teku,
mahaifina ya buɗe ido bayan kwana uku
ya ce: llave.

Kalma ɗaya tak. Ya mai da ido ya rufe.

Mahaifiyata Eulogia ta riga kowa tashi.
Shekara arba'in da ɗaya makullin gida na rataye a wuyanta,
ta ciro shi da ɗuminsa, ta sa masa a tafi.
Yatsunsa ba su motsa ba.

Yayana Wilfrido, bakanike, ya girgiza kai:
ku ba ku san tsohon nan ba,
sufanarsa yake cigiya, mai lamba sha huɗu,
wadda na ara tun bara.
Ya ruga gareji ba takalmi,
ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ajiye ta kan farin zanen gado
kamar mai biyan bashi a gaban alƙali.

Gwaggo Tránsito ta ce shirme ne.
Kan famfo yake nufi, ba ku ji yana ɗiga ba?
Mutumin da bai taɓa yafe wa ɗigo ɗaya ba.
Ta je ta murɗe shi har ƙarfen ya yi ƙara.
Ɗigar ta tsaya.
Shirun ya ƙara nauyi.

Ƙaramin jikansa Yeison, mai koyon kokawa,
ya ce ko kamun nan ne da ake sarƙe wuya da hannu,
wanda Kaka ya nuna mini a tsakar gida?
Aka harare shi, ya koma bayan ƙofa.

Ni malamar lissafi ce.
Kullum ina zana llave a allo, biyu-biyu,
lanƙwasassun baka masu tattara lambobi warwatsattsu
su ce musu: ku 'yan gida ɗaya ne.
Na so in faɗa. Na haɗiye.

Sai muka tuna da sarewarsa,
baƙar nan mai maɓallan azurfa,
su ma da sunan ake kiransu.
Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado,
ƙura, warin tsohon ƙyalle,
ga maɓalli ɗaya a karye.

A nan ne gabana ya faɗi.

Ina 'yar tara ya karye,
daren bikin gari, a kan kuɗin wasa da ba su kai sayen kifi ba,
lokacin da shi da Hermógenes mai ganga
suka gaya wa juna abin da ba ya komawa baki.
Kafin wannan dare, in ya hango shi daga nesa
ba ya kiran sunansa.
Mi llave, yake cewa,
yadda mazan garin nan ke kiran aminin
da ya san ta inda ake buɗe su.

Ƙarfe biyu na dare na tsallaka unguwar Rebolo,
karnuka na raka ni da zagi.
Tsohon ya buɗe ƙofa da singileti,
ya dube ni, bai tambayi kome ba,
hularsa kawai ya nema.

A bakin gadon gwiwoyinsa suka yi ƙara.
Ya ture makullin, ya ture sufanar,
ya sa hannunsa mai kanta a wurinsu.
Llave, ya ce, ga ni.
Ka daɗe, tsohon banza.

Yatsun mahaifina suka rufe,
ɗaya,
bayan ɗaya.

Gab da asuba famfon ya koma ɗiga.
Duk mun ji.
Ba wanda ya tashi.