Kashi Na Uku

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda raksha ke juyawa ta koma,
akwai shagon Babikir: talabijin huɗu, benci uku,
da janareta mai tarin tsohon da ya ƙi barin taba.
Nan labarin ya same mu, daren Laraba.

Haisam ne ya karanta mana daga waya.
Kamfanin da ya ƙera Tekun Toka ya yi magana:
kashi na ɗaya sahihi ne, na biyu sahihi,
na huɗu da na biyar haka nan.
Na uku kuwa, wai 'yan kwangila suka haɗa shi
a shekarar da bashi ya shaƙe kamfanin,
saboda haka an cire shi daga tarihi.
Matuƙin jirgin bai taɓa sauka a Tsibirin Makafi ba.
Bai binne ƙanwarsa a gindin hasumiyar fitila ba.
Ƙanwar ma, a sabon lissafi, ba a haife ta ba.

Shago ya kaure.
Sirajo ya ce shi dama ya sani,
tabon fuskar matuƙi a hagu yake ko'ina,
a na uku kaɗai ya yi ƙaura zuwa dama.
Haisam ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
wanda ya haifi labari shi zai raɗa masa suna.
Nazifi ya buga benci:
to kuɗin da na zuba a nan tsawon damina guda,
su ma ba a haife su ba?

Hajja Batula na bakin ƙofa tana daka citta,
jabana na huci a kan gawayi.
Ta ce, wa ya mutu?
Muka yi mata bayani, baki biyar a lokaci ɗaya.
Ta yi dariya har tabarya ta suɓuce.
Ta ce, kakanmu ya taso daga Katagum da ƙafa, zai je hajji.
Gidan baffana sun ce ɓarayi suka ƙwace jakinsa a hanya,
gidanmu mun ce sayar da shi ya yi a Fashir, ya biya ungozoma.
Shekara tamanin ana wannan gardama, har a wurin zaman makoki.
Sirajo ya ce, to wa ya yanke?
Ta ce, wanda ya fi daɗewa a raye.
Yanzu ni kaɗai na rage, don haka sayar da shi ya yi.

Ni dai ban tofa ba.
A aljihuna akwai ɗan katin ajiya, bai kai akwatin ashana ba,
an rubuta Mu'awiya a bayansa da jan biro.
Yayana ne. Na uku kaɗai yake bugawa.
Ya ce zai ƙarasa in ya dawo daga Madani.
Motar ta dawo.

Da aka watse na ajiye wa Babikir kuɗin awa ɗaya.
Ya jawo tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin benci,
ya goge ta da gefen jallabiya, bai tambaye ni komai ba.
Allo ya yi shuɗi, sannan sunan ya fito,
awa arba'in da ɗaya, minti bakwai.
Ga matuƙi a ƙofar hasumiya, tabonsa a dama.
Ga ƙanwarsa a bayansa riƙe da aci-balbal,
da ranta, tana jira ya buɗe.
Taku ɗaya ya rage, kuma na san abin da ke ciki.

Iska na kaɗa gyalenta kamar yadda aka koya mata.
Yatsana na kan maɓalli.
Babikir ya leƙa tankin mai, ya dawo.
Ya ce, za ka buga, ko in kashe?
Na ce, ƙara mini minti goma.